Sai Ruwa Ya Nuna Kafin A Zuba Kifi A Sabon Akwati

Galibin masu sayen akwatin gilashi na kiwon kifin ado sukan cika shi da ruwa, su zuba kifi a ranar. Kafin mako biyu sai kifayen su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa ruwan garau yake. Nan da nan a ɗora wa mai sayarwa laifi. Sau da yawa ba shi da hannu a ciki.

Abin da ke faruwa shi ne, kifi yana fitar da wata guba, watau amoniya, ta wurin numfashinsa da kashinsa. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A cikin akwati kuwa taruwa take yi, sai fa in akwai waɗansu ƙwayoyin bakteriya da ke cinye ta. Kashi na farko suna mai da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, domin tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su ke mai da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Irin aikin da ke gudana ke nan a ƙasar gona bayan an zuba taki, kuma masanin nan na Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana shi tun wajen 1890. Sabon akwati ba shi da isassun ƙwayoyin nan.

A da akan sa kifi biyu ko uku masu juriya su sha wahalar har ƙwayoyin su yaɗu. Lalle wannan zalunci ne marar dalili, tun da ƙwayoyin amoniya suke bukata, ba su damu da inda ta fito ba.

To, ga yadda ake yi. A cika akwatin, a sa maganin kashe kulorin idan ruwan famfo ne, don kulorin yana hallaka ƙwayoyin. A kunna na'urar tace ruwa dare da rana, gama a jikin sosonta da tsakuwa suke zama, ba cikin ruwan ba. Sa'an nan a ɗiga amoniya tsantsa, marar sabulu ko turare, kamar miligiram 2 a kowace lita. Wanda bai samu ba ya riƙa barbaɗa abincin kifi ya ruɓe, ko da yake wannan ya fi ƙazanta da wuyar aunawa.

Daga nan sai gwaji da haƙuri. Da kwalaben gwajin ruwa za a ga amoniya ta ragu, naitirait ta hau. A wannan gaɓa mutane suka fi karaya, don takan daɗe a sama kamar ba za ta sauko ba. A ci gaba da ɗiga amoniya kaɗan-kaɗan. Aikin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sanyin hunturu na ƙara masa tsawo, haka ma ɗaukewar wuta, domin ƙwayoyin ba sa rayuwa sai da iska. Guntun soso daga tsohon akwati mai lafiya kuwa yana rage kwanakin ƙwarai.

Ranar da aka zuba amoniya, bayan awa 24 gwaji ya nuna babu ita, babu naitirait, ruwa ya nuna. Sai a sauya fiye da rabinsa don rage naitiret, a kawo kifi kaɗan tukuna. In soson ya yi dauɗa, da ruwan akwatin za a ɗauraye shi, ban da na famfo.