Babbar Taya a Ƙafar Jif: Za Ta Goga Ko Ba Za Ta Goga Ba?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Shirinmu na yau na masu jif ne, da direbobinsu, da kanikawan da suke wuni a ƙarƙashinta. Wanda bai mallaki tasa ba tukuna, ya saurara ya ajiye, Allah Ya hore masa.

Ga tambayar. Mutum yana da jif, bai taɓa sauya mata komai a ƙafa ba, tana nan yadda kamfani ya ƙero ta. Damina ta kankama, hanyar garinsu ta koma taɓo da kwazazzabai. Sai ya ga wata jif a gari ta sha manyan tayoyi masu haƙora, irin waɗanda ake rubuta wa A/T a gefe, wato na kwalta da na daji, ta cika masa ido. Ya ce shi ma sai ya sa. To, za su zauna lafiya, ko za su riƙa gogar jikin motar?

Je ka wurin mai sayar da taya, a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, amsar da za ka ji ɗaya ce: "Alhaji, za ta shiga." Kuma ba ƙarya ya yi maka ba, za ta shiga ɗin. Ya ɗaura, ya sauke jak, kowa ya leƙa ya ga sarari, ka biya ka tafi. Sai washegari da safe, kana fitowa daga gida da ribas, ka ƙure sitiyari don ka kauce wa ƙyauren get, ka ji "gurrr" daga ƙasa kamar ana jan buhu a kan siminti. Shiga daban, zama lafiya daban.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu ɗauki mota ɗaya da kowa ya sani, kada mu yi ta magana a iska: Toyota Prado, samfurin da ake kira 150, wanda ya fara fitowa a 2009. Yawancinsu suna zuwa da taya mai lamba 265/65R17. Lambar nan da ke jikin taya mutane da yawa suna haddace ta kamar lambar waya, ba su san me take faɗa ba. 265 faɗin tayar ne, da milimita. 17 girman rim ne, da inci. Ta tsakiyar ce mai rikita mutane: 65 ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. In ka haɗa lissafin, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 776.

Mataki na gaba shi ne 265/70R17. Faɗi bai canja ba, amma tsayi ya koma kusan milimita 803. Sai kuma wadda samari suka fi so, 285/70R17, mai tsayin kusan milimita 831, ga ƙarin faɗi na milimita 20.

Yanzu ku lura da wani abu. Tayar da ta fi taka tsayi da milimita 27, rabin wannan kawai za ta ɗaga cikin motarka daga ƙasa, domin mota a tsakiyar taya take rataye. Wato milimita 13, kaurin ɗan yatsa. Ita kuwa 285 ɗin, abin da za ta ƙara maka milimita 27 ne, inci ɗaya da 'yan kai. Ba na raina inci ɗaya ba. Wanda cikin motarsa ya taɓa zama a kan tudun da tayoyin manyan motoci suka bari a tsakiyar hanyar burji, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza, ya san darajarsa. Amma a san abin da ake saye. Sauran rabin kuma sama ya tafi, cikin gidan taya, inda rigimar take.

Me ya sa ido yake yaudara a bakin shago? Domin a can motar a tsaye take, sitiyari a miƙe, ba lodi. Tayar gaba kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Tana juyawa hagu da dama, tana hawa tana sauka, kuma wani lokaci duka biyun take yi a tare. Idan ka murɗa sitiyari, kafaɗun tayar suna zana baka ne kamar ƙofar da ake buɗewa. Kafaɗar baya tana nufar robar tare laka, ta gaba tana nufar ƙasan bamba. Tayoyin A/T kuwa kafaɗunsu a murabba'e suke, da manyan haƙora da suka gangaro har gefe, ba kamar tayar kwalta mai zagayayyar kafaɗa ba. Shi ya sa za ka ga tayoyi biyu, lamba ɗaya, kamfani daban, ɗaya ta wuce salin alin, ɗaya ta goga. Lambar da ke jiki suna ne, ainihin awo yakan bambanta da 'yan milimitoci, kuma a wannan wurin 'yan milimitocin ne ke yanke hukunci.

Wuraren da ake gogar sanannu ne ga duk wanda ya saba da wannan dangin motoci. Akwai robar tare laka. Akwai baƙar robar da aka shimfiɗa a cikin gidan taya. Waɗannan biyun da sauƙi, ƙara ce kawai da ɓacin rai. Amma a bayan robar tare lakar akwai wani ƙarfe da ya fito daga shasi, wanda gangar jikin motar take zaune a kansa. Wannan ba ya lanƙwasawa, ba ya ba da haƙuri. Daga ciki kuma akwai ƙarfen nan mai kama da hannu da ke riƙe ƙafar gaba ta sama, wanda taya mai faɗi take matsowa kusa da shi. Roba in ta haɗu da taya, robar ce za ta cinye. Ƙarfe in ya haɗu da taya, tayar ce za ta cinye, kuma gefen taya idan ya yanke, duk mai facin da ke tsoron Allah zai gaya maka ba wurin faci ba ne.

To, ga amsar kai tsaye a kan Prado. Mataki ɗaya, 265/70R17 a kan rim ɗin kamfani, galibi tana zama. In ma ta taɓa, ɗan shafar roba ne idan an ƙure sitiyari, abin da ake magancewa da ɗan datse robar ko a ɗumama ta a tura ta baya. Ba abin mamaki ba ne, domin 'yan uwanta da suka haɗa tsarin shasi, 4Runner da FJ Cruiser, da wannan lambar suke fitowa daga kamfani. Amma 285/70R17 a kan motar da ba a taɓa ba, ka sa a ranka za ta goga. Masu sa ta sukan cire robar tare laka, su yanke ƙasan bamba, su sauya rim, da yawa kuma har sai an kira mai walda ya yanke bakin wancan ƙarfen na shasi ya sake toshe shi. A ƙasashen da wasan hawa duwatsu da mota ya zama sana'a, irin su Amurka da Ostareliya, wannan yankan aiki ne da aka saba, akwai masu yin sa da awo. Ni dai ba zan miƙa shasin motata ga wanda zai gwada hannunsa a kai karon farko ba.

(Kiɗa)

Akwai maganganu biyu da ke yawo a gareji da nake so mu tsaya a kansu.

Ta farko: "A ɗaga motar kawai, shi ke nan." Ɗagawa da sabon sifirin da shokozoba tana sauya inda motar take tsayawa ne idan tana hutawa. Ba ta sauya iyakar inda ƙafa take kaiwa idan ta nitse. Ranar da ka faɗa rami da gudu, ko ka hau gefen kwalbati da ƙafa ɗaya, tayar za ta koma can saman da take zuwa tun asali, ta tarar da abin da ke jiranta. Ɗagawa tana rage yawan gogar a cikin gari, gaskiya ne, amma ba ta matsar da ƙarfen shasi ko da milimita ɗaya ba.

Ta biyu: "A sa mata faifai a bayan rim, a turo ta waje." Wannan yana nisanta taya daga ƙarfen ciki, amma yana faɗaɗa bakan da kafaɗarta take zanawa idan an sha kwana. Ka gudu daga gogar ciki ka faɗa ta baya, wadda ta fi muni. Haka rim ɗin kwalliya da ke fitowa waje sosai yake yi. Abin da ya fi taimakawa, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne alaimen. A ƙafar gaban waɗannan motoci akwai kusoshin saiti a hannun ƙasa, wanda ya iya aikinsa zai iya matsar da tayar gaba kaɗan, ta nisanci inda take gogar.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Idan aka ce mota tana nan yadda kamfani ya yi ta, ana nufin sabuwa. Tamu kuwa ta yi shekara goma ko fiye, wata ma sai da ta gama aiki a wata ƙasa kafin ta iso hannunmu. Sifirin ya gaji, ta ɗan zauna, robobin ƙafa sun saki. Sannan ba ma tafiya ƙauye hannu rabbana: mutum bakwai a ciki, buhun masara biyu a baya, jarkar mai a sama. Don haka in abokinka ya ce tasa ba ta goga, gaskiyarsa ce, amma tasa ce.

Ko an rabu da gogar, akwai sauran kuɗin da babbar taya take karɓa a hankali. Maleji zai fara rage maka lissafi: da 265/70, abin da ya nuna a ƙara masa kusan kashi 3 cikin 100, da 285 kuwa kashi 7. Wato in allura tana kan 100, tayar 285 ɗin ta ƙara maka kusan kilomita 7 a kan gudun da ka saba yi a wannan wurin. Motar za ta yi nauyin tashi, musamman mai ƙaramin injin fetur na lita 2.7, wanda dama ba gwanin hanzari ba ne. Shan mai zai ƙaru, birki zai ƙara wahala. In tayar mai alamar LT ce, wato mai kaurin jiki ta ɗaukar kaya, ta fi jure ƙaya da duwatsu, amma ta fi nauyi, kuma za ka ji kowace gargada a ƙugunka.

Kada kuma a manta da safaya. Prado ƙafafunta huɗu duk suna ja ne koyaushe, ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi, domin giyar da ke raba ƙarfi tsakaninsu ce za ta yi ta wahala. Saboda haka taya biyar za ka saya, ba huɗu ba. In safayarka a ƙarƙashin mota take, a gwada a ga ko babbar za ta shiga ramin. In a ƙofar baya take rataye, ka tuna ƙarin nauyin a kan ƙofar zai sauka.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, mutanen da suka fi kowa sanin mummunar hanya ba su cika damuwa da faɗi ba. Dubi tsofaffin Land Cruiser na aiki, irin waɗanda ke ratsa sahara ta wajen Agadas. Tayar da aka san su da ita, 7.50R16, doguwa ce siririya. Idan direba ya iso rairayi sai ya sauka ya rage iska, tayar ta baje, ya wuce, in ya koma ƙasa mai tauri ya mayar da iskarsa. Tsayi ne ke ɗaga mota, faɗi kuwa shi ne ya fi jawo goga. Kuma kaso mafi girma na amfanin tayar A/T a haƙoranta da ƙarfin jikinta yake, abin da za ka samu ko da ka saye ta a lambar motarka ta asali.

(Kiɗa a hankali)

Ga wanda ya ƙudura sai ya ƙara, ga yadda ake gwaji. Tun kafin kuɗi su fita aljihu, ku yi magana da mai kaya cewa in ta goga zai karɓi abinsa. A ɗaura biyun gaba. A shafa alli a robar cikin gidan taya da kan ƙarfen nan na baya. Ka ɗebi mutum uku ko huɗu su shiga. Ka ƙure sitiyari dama ka yi gaba, ka yi ribas, ka ƙure hagu ka maimaita. Sannan ka nemi tudu ko gefen kwalbati ka hau shi a karkace, ƙafa ɗaya ta nitse, sitiyari a murɗe, ka tsaya a haka a leƙa. Inda alli ya goge, nan ne. A duba tiyon birki da wayar da ke bin ƙafa, kada taya ta kusance su. In yatsanka ba ya shiga tsakanin taya da ƙarfe, laka ma za ta cike wurin.

Kana nan tsugune, ka duba shekarun tayar. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Manyan haƙora ba sa mayar da tsohuwar taya sabuwa.

Ni a ganina, mai Prado da bai shirya yanka da walda ba, ya tsaya a lambarsa ta asali ko ya hau mataki ɗaya, 265/70R17, ya ja birki a nan. Mai Hilux, Fortuner ko Pajero kuma kada ya ari lissafin Prado, ya buɗe ƙofar direba ya karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, daga lambar da ke wurin zai fara nasa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Direbobi, kafin ku kama hanya gobe, a zagaya a duba iska, har da ta safaya. Allah Ya kai mu lafiya, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)