Mai gyaran amfilifaya da soket ɗin da ba a gani

Wanda ya kawo amfilifayar masallaci ko mikisar masu kiɗan biki gyara, buƙatarsa ɗaya ce, sauti ya fita garau. Shi kuwa mai gyara, da ya kwance murfi, idonsa kan ƙananan fararen soket na roba yake fara sauka, waɗanda ke haɗa wannan allo da wancan a cikin na'ura. Idan murya na ɗaukewa, ka ɗan bubbugi akwatin ta dawo, galibi can ciwon yake.

A nan ake gane gwani, domin sauya soket ba ɗauko wanda ya yi kama da shi ba ne. Abu na farko tazarar haƙora. Samfurin XH na kamfanin JST na Japan milimita 2.5 ne tsakanin haƙori da haƙori, PH kuma milimita 2. Akwai na kamfanin Molex mai milimita 2.54, wanda ido ba ya raba shi da XH. A haƙora biyu ko uku za a iya tura shi ya shiga. A haƙora goma kuwa, ɗan bambancin ya taru ya haura sulusin milimita, sai haƙoran gefe su lanƙwashe. Shi ya sa za ka ji maigida na ce wa yaronsa, "Kai, kar ka danna da ƙarfi. In bai shiga da daɗi ba, ba nasa ba ne."

Sai nauyi. Sabon shiga gani yake soket mai kauri, mai jikin ƙarfe, shi ne mai ƙarko. A bayan akwati haka ne, inda ake cusa filogin makirufo mai haƙora uku ana zarewa kullum. A ciki kuwa nauyi illa ne. Na'urar da ke zaune kan lasifika, ko ake lodawa a A Daidaita Sahu daga biki zuwa biki, jijjiga take sha, kuma soket mai nauyi shi ke fara tsattsage dalmar da ta riƙe shi. Ƙarami mara nauyi, mai ɗan harshen da ke kullewa, ya fi daɗewa. Amma ƙarami yana da iyaka: PH ba a ɗora masa fiye da amfiya 2, XH amfiya 3. Wayar da ta fito daga taransifoma sai irin su samfurin VH mai tazarar milimita 3.96, in ba haka ba roba ta narke.

Wani abin da ƙwararru ba sa wasa da shi: ba a haɗa haƙori mai ruwan zinariya da rami mai ruwan kuza. Ranar farko lafiya lau, bayan watanni wajen haɗuwar ya yi dauɗa, kuma sautin makirufo ba shi da ƙarfin da zai ratsa ta. Ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata.

Ni dai ban ga dabara ba a yanke soket a liƙe wayoyi da dalma kai tsaye, ko da yake da yawa na yi don sauri. Aiki zai yi, amma duk wanda ya buɗe na'urar nan gaba sai ya narka waya goma kafin ya ɗaga allo ɗaya. Matsalar ita ce ainihin samfurin ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Saboda haka mai gyaran kirki ba ya zubar da matacciyar na'ura sai ya cire mata soket ɗinta duka, haɗe da guntun wayoyinsu, ya ware su a gwangwani bisa tazarar haƙora.