Jarin fasaha: daɗinsa da ɗacinsa

Duk wanda ya tashi a Tabotaki, ko Buza, ko Madawa da Keita, ya san wahalar ban-ruwa a garka. Mai albasa yakan yi sammako ya tayar da injin, ya tsaya a kan ruwa har rana ta take, ga kuɗin mai kullum. Wannan wahalar ce wani ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya duba ya ƙirƙiro Télé-Irrigation, na'urar da manomi ke kunna famfon garkarsa ya kuma kashe shi ta wayar salula daga duk inda yake, da wutar hasken rana. A 2011 ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu ƙirƙira a Afirka, a 2015 kuma aka ba shi babbar kyautar Sarki Hassan II ta ruwa a Daegu, Koriya ta Kudu. Kamfaninsa shi ne Tech-Innov, a Yamai.

Daɗin wannan sana'a ke nan: jiya ana maka kallon mai wasa da wayoyi, yau duniya na tafa maka. Sai dai lambar yabo ba ta sayen kaya. Mai saye shi ne manomin da kuɗinsa ba sa zuwa sai albasa ta nuna, kuma ya fi yarda da abin da ya gani a garkar maƙwabci. Kafin a kai gare shi ana bukatar jari mai haƙuri, shi kuwa a Nijar ƙalilan ne. Akwai cibiyar CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014 don renon sababbin kamfanoni, akwai asusun Sinergi mai sa hannu a ƙanana da matsakaitan masana'antu. Amma kaso mafi tsoka na kuɗin da ke shigowa Afirka don kamfanonin fasaha yana tsayawa ne a Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin Yulin 2023, da rufe iyaka da yanke wuta daga Najeriya, ya ƙara sa masu kuɗi ɗari-ɗari.

Yaya jarin yake aiki? Mai kuɗi ba bashi yake ba ka ba. Wani kaso na kamfaninka yake saye, in an ci riba a ci tare, in an faɗi kuɗinsa sun tafi. Malamai za su ga kamarsa da ƙiradi. Lissafinsa irin na mai zuba albasa a rudu ne: ya san wata za ta ruɓe, ya dogara ga tsadar wadda ta tsira ta biya masa duka. Shi ya sa yake matsa wa kowane kamfani ya girma da gaggawa. Paystack ta Legas ta tsira, Stripe ya saye ta a 2020 kan fiye da dala miliyan 200. Ita kuwa 54gene, wadda ta tara kusan dala miliyan 45, ta rufe a 2023. Ga mai jari wannan layi ɗaya ne a littafin lissafi. Ga wanda ya kafa kamfanin kuwa shekarun ƙuruciyarsa ne, da albashin mutanen da ya ɗauka aiki, da sunansa.

Labarin da ya fi kusa da manomi shi ne na ThriveAgric, wadda Uka Eje da Ayodeji Arikawe suka kafa. A farkonta tana karɓar kuɗin jama'a ta intanet, ta ba manoma, yawanci a arewacin Najeriya, iri da taki, in an yi girbi a mayar da uwar kuɗi da riba. A 2019 ta shiga Y Combinator ta Amurka, makarantar da kowane mai sabon kamfani ke mafarki. Shekara ta zagayo, korona ta rufe hanyoyi da kasuwanni, lokacin biya ya yi babu kuɗi. Masu kuɗi suka yi ca a Twitter, Uka Eje ya sauka daga kujerar shugabanci, Adia Sowho ta riƙe na wucin gadi. An biya mutane daga baya, ya koma kujerarsa, a 2022 kamfanin ya samu rancen dala miliyan 56.4. Amma ba kowa ke samun dama ta biyu ba, kuma watannin da mutum ya yi yana jin ana kiransa macuci ba a biyansu da kuɗi.

A ƙasar Adar abin ya fi haka nauyi, don jarin farko yakan fito daga gida: kuɗin da wa ya aiko daga Abijan ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ko tunkiyar da uwa ta sayar. Baƙo in ya yi asara zai rufe littafi ya wuce, ɗan'uwa kuwa da shi za ka haɗu a kowane suna da kowace jana'iza.

Matashin da ke da dabara a kwamfutarsa, kafin ka nemi kuɗin kowa, ka samu manoma a garinku da za su biya ka da hannunsu, ko kaɗan ne. In mai jari ya zo, a rubuta kaso nawa ya saya, da wanda ke da ikon sauke shugaba, da abin da zai faru in an faɗi. Kada ka sa hannu a takardar da wani masani bai karanta maka ba.