Raddi ga Masu Cewa Karatun Boko Ya Wuce Babba

A majalisun unguwar Tunga da ke Minna, daga bakin kasuwa har tashar mota, ana yawan jin wata magana: wai wanda ya bar sakandare bai ƙarasa ba, ko ya zauna jarrabawa kiredit ɗinsa bai cika ba, idan ya riga ya tara iyali sai ya haƙura ya bar wa 'ya'yansa karatun. Masu wannan ra'ayi ba sharri suke nufi ba. Suna cewa kan babba ya cika da lissafin cefane, zama aji da sa'o'in ɗanka abin kunya ne, lokaci babu, kuma ga masu digiri nan zaune ba aiki. Kowace hujja a nan ta cancanci amsa.

Batun ƙwaƙwalwa, al'adarmu ta riga ta amsa shi. Bayan sallar Magariba za ka ga magidanta masu furfura a zauren malam, kowa da littafinsa na fiƙihu ko nahawu, suna biya karatu, ba wanda ya ce kansu ya toshe. Sahabban Manzon Allah (SAW) da yawa sun nemi ilimi ne da girmansu. Mutumin da ke riƙe bashin abokan cinikinsa a ka, yana fitar da riba da faɗuwa kullum, ba Lissafin sakandare ne zai gagare shi ba idan ya samu mai koya masa a tsanake. Gemu ba ya hana ilimi.

Kunyar zama da yara kuwa ta samo asali ne daga rashin sanin tsarin. Ba dole ba ne babba ya sa kayan makaranta. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, hedikwatarta a nan Minna take, kan hanyar Bida, kuma tana shirya jarrabawa ta musamman a ƙarshen shekara ga waɗanda ba ɗaliban makaranta ba. WAEC ma tana da irinta, kuma tun 2018 sau biyu take yin ta a shekara. Ana karatun ne a darasin yamma ko na ƙarshen mako, tare da manya irinka.

Wannan ya rage nauyin maganar lokaci da kuɗi. Abin da ake nema kiredit biyar ne, har da Turanci da Lissafi, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Wadda ta ci huɗu kafin aure, Lissafi kaɗai ya kayar da ita, ba daga farko za ta soma ba. Tsohon sakamakonta yana nan da ƙimarsa, giɓin kawai za ta cike.

Saura hujja mafi ƙarfi, wato rashin aikin yi. Gaskiya ne takarda ba ta lamunce wa kowa albashi. Amma rashinta yana rufe ƙofofi tun kafin a ƙwanƙwasa: shiga aikin ɗan sanda, makarantar koyon aikin jinya, Kwalejin Ilimi ta Minna, duk sai da ita. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya sharɗanta ilimi matakin sakandare ga mai neman kujerar majalisa ko gwamna. Ga kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin digirgir a cikinta a 2018 yana ɗan shekara 80. Ita ma takardar sakandare take fara tambaya.

Don haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, a ciro tsohon sakamakon nan daga akwati, a duba darussan da suka rage, a yi rajistar jarrabawa mai zuwa. Maigida kuma ya taimaki iyalinsa a kan haka. Allah Ya ba da sa'a.