Ciwon Daji a Jakar Zuciya

'Yan'uwa, zuciya tana zaune cikin wata jaka mai tantani. Akwai ciwon daji da ke kama jakar nan, amma da wuya ƙwarai a same shi. Ruwa yakan taru ya matse zuciya, numfashi ya gagara, ƙafafu su kumbura. A ƙasarmu yawanci tarin fuka ne ke tara irin wannan ruwa, shi kuwa yana da magani. Kada a tsaya shan jiƙo, a tafi asibiti.

A 1960, a Afirka ta Kudu, likitoci suka gano ƙurar asbesto tana kawo irin wannan daji a tantanin huhu, shekaru da yawa bayan an shaƙe ta. Ana zarginta da na zuciya ma. Magina, in za ku cire tsohon silin asbesto, ku jiƙa shi tukuna, kada ku sa masa zarto.