Daƙiƙanci Ne Ko Matsalar Harshe? Abin Da Binciken Masana Halayyar Koyo Ya Nuna Game Da Yaron Suleja

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A kusan kowane aji na farkon firamare akan sami yaron da ba ya ɗaga hannu, ba ya amsa tambaya, in an matsa masa sai ya sunkuyar da kai. Kafin zango ya ƙare malami ya riga ya yanke masa hukuncin cewa daƙiƙi ne. Ni kaina na taɓa zama irin wannan yaro. A gefen Suleja aka haife ni, da harshen Gbagyi na buɗe baki, Hausa kuwa a wajen wasa da kasuwa na tsince ta. Ranar da aka kai ni aji ɗaya sai na tarar da harshe na uku, wato Turanci. Na yi kusan shekara biyu ina zaune a bencin baya ban san inda aka dosa ba, alhali da yamma in na ɗauki farantin gyaɗar mahaifiyata babu mai iya cutata a canji. Wannan maƙala za ta duba abin da masana suka gano game da irin wannan yaro, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe.

Mene Ne Ilimin Halayyar Koyo?

Reshe ne na ilimin halayyar ɗan'adam wanda yake nazarin yadda mutum yake koyo, da yadda yake riƙe abin da ya koya, da dalilan da kan hana shi fahimta. Ba'amurke Edward Thorndike yana cikin waɗanda suka aza harsashinsa da littafin da ya wallafa a 1903. Daga baya Jean Piaget ya yi nazarin matakan da tunanin yaro yake bi yayin da yake girma. Shi kuwa Lev Vygotsky, mutumin Rasha da ya rasu a 1934, ya nuna cewa harshe makamin tunani ne. Duk wanda ya lura da yaro ɗan shekara huɗu yana gina ɗakin ƙasa zai ji yana magana shi kaɗai, yana faɗa wa kansa abin da zai yi. A ra'ayin Vygotsky wannan maganar ce take komawa ciki ta zama zancen zuci. Ke nan idan aka raba yaro da harshen da yake zancen zuci da shi, an karɓe masa kayan aikinsa.

Yanayin Harshe A Suleja

Garin da muke kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali. Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa shi a 1828 bayan masu jihadi sun fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. A yankin sun zauna tare da Gbagyi da Koro, Hausa ta zama harshen fada da kasuwa. Bayan gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ba wa birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina a Nijeriya suka yi ta kwararowa. Saboda haka a aji guda za ka iya samun ɗan Bahaushe da na Gbagyi da na Banufe da na Bayarabe da na Igbo, kowa da harshen da ya baro a gida.

Shin Yawan Harsuna Yana Rikita Yaro?

A shekarun 1920 da 1930 bincike da yawa a Amurka da Birtaniya sun yi iƙirarin cewa yaro mai harshe biyu ya gaza mai harshe ɗaya basira. Daga baya aka gano lam'a a cikinsu, domin sau da yawa akan gwada yaran ne da harshen da ba su ƙware a kansa ba, kuma akan kwatanta 'ya'yan talakawan baƙi da 'ya'yan masu hali. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka sake gwajin a birnin Montreal na Kanada da yara 'yan shekara 10, suka yi la'akari da matsayin iyayensu. Sakamakon ya nuna masu jin Faransanci da Turanci sun zarce masu harshe ɗaya a yawancin gwaje-gwajen. Darasin da ke nan shi ne, jarrabawar da aka yi wa yaro da harshen da bai iya ba, harshen take aunawa kafin ta kai ga basirarsa.

Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

A 1956 George Miller ya nuna cewa abubuwan da mutum zai iya riƙewa a ransa lokaci guda ba su wuce bakwai ba, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa. Binciken baya-bayan nan ma ya rage adadin zuwa kamar huɗu. A kan wannan ne John Sweller ya gina ra'ayinsa a 1988, cewa in aka cika wa wannan 'yar ma'ajiya ta wucin gadi kaya, koyo yakan tsaya. Mu ɗauki misali. Malama ta ce da Turanci, Audu yana da lemo takwas, ya ba ƙanensa uku, saura nawa? Yaron da ya ji harshen, aiki ɗaya ne a gabansa, wato ɗebe uku daga takwas. Wanda bai ji ba sai ya fara da farautar ma'anar kowace kalma, kafin ya kamo ta ƙarshe ta farko ta kuɓuce masa. Lissafin da yake yi kullum a bakin kasuwa sai ya gagare shi a kan allo.

Harshen Hira Da Harshen Karatu

A 1979 Jim Cummins ya bambanta ƙwarewa iri biyu a harshe. Akwai harshen hira, wanda ake ciniki da wasa da shi, inda fuska da hannu da abin da ake gani suke taimaka wa fahimta. Akwai kuma harshen karatu, wanda ake bayyana dalili da kwatantawa da taƙaitawa da shi, ba tare da wani abin nuni ba. Da ya yi nazarin 'ya'yan baƙi a makarantun Toronto a 1981, ya gano cewa harshen hira kan samu cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da suke jin Turanci a titi da talabijin dare da rana. To, ina ga yaron da sai a aji yake haɗuwa da shi?

Cummins ya ƙara da cewa abin da yaro ya koya da harshen da ya sani ba ya ɓacewa in ya koma wani harshen. Wanda ya gane cewa baƙi yana wakiltar sauti, kuma ana haɗa baƙaƙe da wasula a ta da kalma, ba sai ya sake koyon wannan ba idan ya zo Turanci. Da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gwaji A Ƙasashenmu

Kada a ce duk wannan zancen Turawa ne. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata firamare da ke Modakeke, wanda aka ci gaba da shi har 1978. Rukuni ɗaya an koyar da su dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa a matsayin darasi. Ɗaya rukunin sun yi shekara uku da Yarabanci sannan aka juya da su Turanci. Waɗanda suka yi shekara shida da harshensu sun fi fahimtar darussa, kuma ba a bar su a baya ba a Turanci. Sai dai masu sharhi sun lura cewa an tanadar wa aikin sababbin littattafai da horar da malamai, har da ƙwararren malamin Turanci. Wannan ya nuna sauya harshe kaɗai ba ya wadatarwa in babu kayan aiki.

A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa wasu harsunan ƙasar. Binciken da aka yi a kansu ya nuna ɗalibansu sun fi na makarantun Faransanci zalla iya karatu da rubutu.

Manufar Gwamnati

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, wanda aka fayyace da shekara uku na farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa a dukkan matakai, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Masana harshe da dama sun mayar da martani cewa ba a taɓa aiwatar da manufar yadda ya kamata ba, balle a ɗora mata laifin faɗuwar.

Wane Harshe Ne Na Suleja?

A nan ya kamata mu ɗaliban Hausa mu yi wa kanmu adalci. Gaskiya ne Hausa ce ta fi haɗa yaran garin, kuma ta fi Turanci kusa da yawancinsu. Amma wanda ya tsince ta a kasuwa, harshen hira ya samu. Ni sai da na shigo jami'a na gane ratar da ke tsakanin Hausar da nake ciniki da ita da wadda ake rubuta sharhin adabi da ita, har yau kuma jinsin wasu kalmomi yakan ba ni wahala. Idan aka mayar da aji Hausa zalla aka ɗauka kowa ɗan gida ne, yaron Gbagyi ko Koro da ya taso a ƙauye zai koma bencin baya kamar dā, a riƙa yi wa maganarsa dariya ana kiranta gwaranci.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, aiki yana jiranmu ta fuska uku. Na farko, samar da kalmomin lissafi da kimiyya da littattafan karatun yara masu sauƙi. Na biyu, koyon dabarun koyar da Hausa ga wanda ba harshen gidansu ba ce, domin hanyar ta bambanta da ta koyar da Bahaushe. Na uku, zaɓen batun kundin digiri daga cikin aji: a shiga firamare a Suleja ko Madalla, a ƙirga harsunan yara, a yi musu tambaya ɗaya da harsuna biyu, a rubuta abin da aka gani. Da yawanmu koyarwa za mu yi, ko a lokacin bautar ƙasa ko bayanta. Duk ranar da yaro ya yi shiru a gabanka, kafin ka rubuta masa sifiri, sake yi masa tambayar da harshen da yake ji, ko ka sa abokin zamansa ya fassara masa. Amsar da zai bayar ita za ta nuna maka inda matsalar take.