Bambancin ma'ana tsakanin kalmomin Ingilishi na mayar da magana

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, ko ya zauna tsara ƙamus mai harshe biyu, ya san wahalar kalmomin da suka yi kusa da juna a ma'ana. A wannan maƙala za mu duba rukuni ɗaya daga cikinsu, watau kalmomin da ke nufin mayar da magana da kaifi: *retort*, *rejoinder*, *rebuttal*, *riposte*, *repartee*, *comeback*, *answer back* da ƴan uwansu. Mai gaggawa yakan tattara su duka ya ce “martani”. Amma martani riga ce mai faɗi, tana shiga yaro mai fitsara, tana shiga lauya mai hujja. In mai fassara bai bambance ba, sai ya wanke wanda marubuci ya zarga, ko ya ɓata wanda marubuci ya yaba.

Ma'auni uku za mu bi: matsayin mai magana a kan wanda ya mayar wa, abin da ya tunzura shi, fushi ko raha, da abin da ya mayar, zafi ko hikima ko hujja.

2. Kalmomin zafi

*Retort* ta samo asali daga Latin *retorquere*, ma'ana a murɗa abu a mai da shi inda ya fito. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Wannan asali yana nan a ma'anarta har yau: amsa ce gajeruwa, mai sauri, wadda ke juya zargi a kan mai shi. Alal misali:

(1) “You are late.” “And you haven't paid me for last week,” the driver retorted.
“Ka makara.” Sai direba ya mayar masa da baƙar magana: “Kai ma ai ba ka biya ni kuɗin makon jiya ba.”

*Snap back* ta fi ta zafi, ta kuma gaza ta dabara. Asalin *snap* shi ne irin cafkar da kare ke kaiwa da baki. Ba a bukatar amsar ta dace da abin da aka faɗa. Hasala kawai take nunawa. “Ya gwasale shi” ko “ya hayayyaƙo masa” sun fi kusa da ita.

3. Kalmomin hujja

*Rejoinder* da *rebuttal* ƴaƴan kotu ne, kuma Faransancin da ake shari'a da shi a Ingila ta dā ne ya haife su. A tsohon tsarin shari'ar ƙasar, mai ƙara yakan kawo ƙara, wanda ake ƙara ya amsa, mai ƙara ya mayar, sannan wanda ake ƙara ya sake mayarwa. Wannan mataki na huɗu shi ake kira *rejoinder*. Ke nan amsar amsa ce. Shi ya sa a mujallun ilimi, in an soki aikin wani malami ya kuma kare kansa, ana sa wa rubutun wannan suna. “Raddi” ta malamanmu ta dace da ita ƙwarai. A littattafan hikaya takan zo da ma'anar amsa mai kaifi, amma ko a nan ta fi *retort* natsuwa.

*Rebuttal* kuwa ba ruwanta da sauri ko gajarta. Tana iya cika shafi hamsin, a rubuta ta cikin sanyin rai. Manufarta rushe hujjar abokin jayayya da wata hujja.

Akwai tarko a nan ga mutanenmu da suka fara karatu da Faransanci. *Rejoindre* ta yau tana nufin iske wani ko cim masa, don haka ɗalibi na iya ɗaukar *rejoinder* da ma'anar haɗuwa. Ya kamata littattafan koyarwa su faɗakar a kan wannan.

4. Kalmomin gwaninta

*Riposte* ta zo daga Faransanci a farkon ƙarni na 18, Faransanci kuma ya aro ta daga Italiyanci *risposta*, amsa. Kalmar wasan takobi ce: sukar da ɗan wasa ke kaiwa nan take bayan ya kare sukar abokin karawarsa. Abu biyu ke nan a cikinta, kariya da ramuwa, kuma mai amfani da ita yabon gwanin yake yi. A Faransanci ta yawaita a bakin ƴan jarida da ma'anar ramuwar soja. A Ingilishi ta fi zama kalmar marubuta, ta kuma fi karkata ga magana.

*Repartee*, daga Faransanci *repartie*, ta shigo a ƙarni na 17. Galibi ba amsa ɗaya take nufi ba. Musayar ce gaba ɗaya, da kuma baiwar iya ta: wannan ya jefa, wancan ya cafe, jama'a na dariya, ba wanda ya ji ciwo. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, al'adar da UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Sai dai a lura: taubastaka dangantaka ce da ake gada, ita kuwa *repartee* gwanintar mutum ce, yana iya yin ta da kowa. Saboda haka “barkwanci” ko “musayar raha” sun fi aminci a fassara.

*Comeback* ita ce ta bakin titi. A Amurka ta sami wannan ma'ana wajen ƙarshen ƙarni na 19. Daidai take da *riposte* a ma'ana, sai dai ba ta sa babbar riga ba. Tana da wata ma'ana dabam, watau dawowar ɗan wasa fage bayan an daɗe ba a gan shi ba, kamar ɗan kokowa da ya huta shekaru ya sake ɗaura walki. Jimla ce kaɗai ke nuna wadda ake nufi.

5. Kalmomin matsayi

A nan ma'auni na farko ne ke hukunci. *Answer back* da *talk back* daga ƙasa zuwa sama suke tafiya: ɗa ga uba, ɗalibi ga malami, yaron gida ga maigida. Kuma wanda ya furta su ya riga ya yanke cewa ba a kyauta ba.

(2) “Don't answer back!”
“Ina faɗa kina faɗa?”

Abin da yarinyar ta ce yana iya zama gaskiya, yana ma iya fitowa da murya ƙasa-ƙasa. Laifinta shi ne ta buɗe baki. Sunayen wannan hali su ne *backchat* da *cheek* a Ingila, *back talk* da *sass* a Amurka, kuma “tsiwa”, “fitsara” da “rashin kunya” suna ɗaukar nauyinsu. Haka kuma in an koma daga Hausa zuwa Ingilishi: wanda ya ce minista ya yi *answer back* ga ɗan majalisa ya mai da ministan yaro.

6. Inda Hausa ta yi zarra

Kalmomin da muka duba duka amsa ce ta gaba da gaba. Habaici ba ya cikinsu, don mai habaici ba ya kama suna, yakan ma juya baya ya yi magana da kaza ko da yaro. Gatse ma haka: yaro ya tambaya ko ya ci naman baƙi, uwa ta ce, “Ci mana, ai don kai aka dafa.” *Sarcasm* ta kusance shi, amma babu ɗaya daga kalmomin sama da ke ɗauke da shi.

7. Shawara ga masu tsara littattafai

Ga abin da muke gani ya kamata a yi a ƙamus da littattafan karatu:

a) kowace kalma ta zo da jimlar misali da ke nuna wa ya faɗa wa wa;
b) a nuna muhallinta: kotu, rubutun ilimi, ko hirar yau da kullum;
c) a nuna ko ta Ingila ce ko ta Amurka;
d) a sa alama inda kamanninta da Faransanci ke iya ruɗa mai koyo;
e) a ajiye “martani” ga inda marubucin asali bai yabi ba, bai kuma zargi ba.

Muna kuma roƙon masu bincike a Maraɗi, Damagaram da Tawa su tattaro kalmomin karinsu na wannan fage tare da jimlolin da aka ji su a ciki, domin ɓangaren Hausa na ƙamus ya cika yadda na Ingilishi ya cika.